Gyaran Gida a Ƙasar Minjibir: Daga Lissafin Dami Zuwa Lissafin Buhun Siminti

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan tamu kafin kwano ya game gari zai tuna cewa shekarar magidanci tana farawa ne daga ranar da aka ɗaure damin ƙarshe aka kawo shi gindin rumbu. A wannan rana ce maigida yake sanin inda ya kwana. Zai ƙirga dammunan gero da na dawa, ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya ware iri, ya ware abin da iyali za su ci har sabon gero ya nuna, sannan ya dubi haraji. Abin da ya saura bayan wannan shi ake kasawa tsakanin aure da suna da sutura da gyaran gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe fensir ba, amma ban tuna shekarar da damina ta same mu ɗaki yana yoyo ba. Ni kuwa da na shafe shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi, sai da katanga ta faɗi a gidana. Wannan ne ya sa na ga ya dace a bana mu waiwayi yadda magabatanmu suke tsara wannan al'amari, da yadda tsarin ya sauya a hannunmu.

Sai mun fara da ƙasar kanta. Minjibir da Kunya da Kantama da Wasai da sauran garuruwanmu suna cikin yankin da ya kewaye birnin Kano, wanda masana suka daɗe suna mamakin cunkoson jama'arsa. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya bayyana yadda gona ba ta hutawa a wurinmu, kowace shekara sai an noma ta, taki ne kawai yake riƙe da ita, har jakuna suna kai itace birni su komo da taki. Abin da wannan yake nufi ga mai gini shi ne babu wani ƙungurmin daji a bayan gari da mutum zai shiga ya yanko ciyawa ko ya saro itace yadda ya ga dama. Saboda haka kayan gyaran gida a gona suke, kuma da gangan ake tanadinsu. Gamba a iyakar gona ake barinta, ta raba ka da maƙwabci, ta kuma ba ka zana. Karan dawa ba a barinsa ga dabbobin wani, domin shi ne dangar baɗi. Ita kuwa ɗorawa kowace bishiya da mai ita, kuma bayan an cire garin an cire kalwa, ɓawon ma ba a zubarwa, shi ne makuba. Ashe tun ranar shuka maigida ya fara kasafin gyaran gidansa.

Lokutan aikin ma a jere suke, kuma wanda ya tsallake ɗaya sai ya jira wata shekara. Rumbu ake fara dubawa, tun hatsi yana gona, domin ba a gyaran rumbu da kaya a ciki. Da kaka ta kama sai a yanki shuci tun bai bushe ya karye ba, a yanta shi, a ajiye don jinka. Tubali kuwa da hunturu ake yinsa, kuma dalilin a fili yake: ƙasa tana buƙatar ruwa, ruwan kuma a kududdufi yake, kududdufi kuwa ba ya kai wa bazara. Wanda ya yi nawa har ruwa ya ƙafe, to, ko dai ya sayi ruwa ko ya haƙura. Akan haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsima, sannan a mulmula tubali a shanya. Katanga ba a tayar da ita rana ɗaya. Magini yakan aza 'yan layuka ya bari su sha iska, kashegari ya ɗora, don haka ɗaki ɗaya yakan ci makonni. Idan bazara ta shigo, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, sai a koma kan yaɓe: a hau soro a toshe tsaguwa, a ƙara ƙasa inda ruwan bara ya zaizaye, a gyara indararo, a cike gindin katanga. A ƙuruciyarmu mu ne masu miƙa curin ƙasa, kuma ba na manta yadda ake kora mu makarantar allo da laka har gwiwa.

Kada mai karatu ya zaci aikin maza ne kaɗai. Daɓe na mata ne, su suke tara tsakuwa, su jiƙa makuba, su gayyato maƙwabta su zo da madaɓai, ana daka ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi kamar an zuba siminti. Shafen farar ƙasa a ɗaki ma nasu ne, musamman gabanin Salla. Ɗaga jinka a ɗora kan ɗaki kuwa sai gayya, domin ba aikin mutum biyu ba ne. Ladan gayya fura ce da tuwo da goro, amma bashi ne, ranar da maƙwabci ya kira dole ka amsa.

Abubuwan da sai da kuɗi ake samu kaɗan ne, shi ya sa ake daɗewa ana shirinsu. Na farkonsu azara. Giginya ba ta wadata a gonakinmu ba, daga nesa ake kawo ta, kuma ita ce itacen da gara ba ta cika yi wa illa ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar ƙafa shida, wannan ne ya sa tsofaffin ɗakunanmu suke da ƙunci, sai fa gidan mai hali da zai iya kiran gwanin magini ya ɗaura masa bakan gizo. Idan ɗaki ya rushe azararsa ake fara tsamowa, kuma na ga inda aka sa ta cikin rabon gado. Sai ladan magini, sai ƙyaure, sai kuma laso ga wanda yake da iko. Laso haɗi ne na katsi, wato abin da yake kwantawa a gindin karofi, da gashin jima da ruwan dafara, kuma shi ne simintin kakanninmu, ruwa ba ya ratsa shi. A nan ne sana'ar garinmu ta haɗu da gininsa. Minjibir ta yi suna a saƙa, inda kuwa ake saƙa ana rini, inda ake rini akwai katsi. Kuɗin da masaƙi ya samu da rani shi yake sayen azara, karofin marini kuma ya ba da abin shafe soro. Da yadin kanti ya kashe kasuwar saƙa, karofi ya bushe, ba sutura kaɗai muka rasa ba, har da laso.

Duk wannan yana tafiya ne a ƙarƙashin gandu. Uba da 'ya'yansa maza gona ɗaya suke nomawa, shi kuma ya ɗauki nauyin ci da haraji da auren fari. Yaron da za a yi wa aure baɗi, tun bana ake nuna inda ɗakinsa zai zauna, a fara tara tubali. Ban taɓa jin an sa ranar biki ba a san ɗakin da amarya za ta tare ba.

Canji na farko ya zo ne ta kan dogo. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragu, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka rungume ta. Daga nan tsabar kuɗi ta shiga lissafin kaka, kuma a hankali gyaɗa ta zama ita ce mai biyan haraji, hatsi ya zauna a rumbu. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, gwamnati ce take yanke farashi na kakar gaba ɗaya. An soki wannan tsari, kuma da gaskiyar masu suka, domin abin da ake ba manomi bai kai abin da ake sayarwa a Turai ba. Amma yana da fa'ida ɗaya da ba a cika faɗa ba: mutum ya san kuɗin buhunsa, ya san kuɗin bandir ɗin kwano, kuma ba za su gudu su bar shi kafin ya gama sussuka ba. Da kuɗin gyaɗa ne kwanon farko ya hau ɗakunan talakawa, falle ashirin a bandir, wani ya sayi rabi bana ya cika baɗi.

Shekarun 1970 su ne suka birkita komai, kuma a kan idona aka yi. A watan Janairun 1973 aka canza kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu. A wannan shekara fari ya yi tsanani, rumbuna suka wofinta, babu mai zancen yaɓe. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. A daidai lokacin da manomi yake wannan hali, kuɗin man fetur suna malala a birane, ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin Udoji, gwamnati kuma ta yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas. Sai ya zamana ginin bulo shi ne alamar arziki, ginin ƙasa kuwa alamar wanda aka bari a baya. Matasa suka nufi birni leburanci, gandu ya fara tsinkewa, gayya ta koma aikin lada. Ko da gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, nauyi ya ragu a wuyan talaka ƙwarai, sai dai abin da aka huta biya bai kai abin da sabon salon gini yake ci ba. Madatsar ruwan Wasai da aka gina a waɗannan shekaru ta kawo noman rani, alheri ne babba, amma ta cinye watannin da a da ake keɓewa don gini.

A nan zan faɗi nawa kuskuren, ko wani ya amfana. Ina ƙaramin malami, sabon aure, na ga abokan aikina suna shafe gidajensu da siminti, ni ma na ci bashi na sa aka shafe katangar ƙasa da na gada, ciki da waje, aka yi mata fenti. Wani tsohon magini a unguwarmu ya tsaya ya duba, ya ce mini, “Malam, ka sa wa tsohuwa rigar da ba tata ba.” Na yi dariya. Ashe siminti ba ya kama ƙasa, yana zaune ne kawai a jikinta. Da ya tsage ruwa ya riƙa shiga ta baya, ba ya samun hanyar fita, ni kuma ina ganin fenti lafiya lau, na daina yaɓen bazara. A watan Agustan 1988, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a Kano har madatsar Bagauda ta ɓalle, cikin dare katangar ta zube ta gefen da yara suke kwana. Allah ya kiyaye, tabarmarsu kawai ta danne. Na so in maye ta da bulo nan take, sai na tarar tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira tana ta faɗuwa, abin da na tanada bai kai rabi ba. Shekara uku zana ce ta tsare mini mutunci.

Tun daga wancan lokaci matsalar ba ta sauya kama ba, sai dai ta ƙaru. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa. Wanda ya zaga garuruwanmu zai ga shaida: gine-gine sun kai linta sun tsaya, ciyawa ta fito a ciki, mai su kuwa yana kwana a tsohon ɗakin ƙasa da ya daina kulawa da shi saboda yana sa ran tashi. Waɗannan ɗakuna su ne suke faɗa wa mutane idan marka ta kama. A ganina ba ginin ƙasa ne ya gaza ba, domin Gidan Makama yana nan tsaye a birni shekaru aru-aru. Abin da ya ɓace shi ne yaɓen kowace shekara, da mutanen da suka iya shi.

Abin da na koma yi, bayan katanga ta koya mini hankali, shi ne na ari tsarin mahaifina na zuba shi a littafi. Da an gama girbi nakan zaga gida da safe in rubuta abin da damina ta ɓata, sannan in jera su bisa haɗarinsu: rufi tukuna, sai hanyar ruwa da gindin katanga, sai masai, fenti a ƙarshe idan an samu rara. Hatsin ci ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan. Abin da yake ajiyuwa, kamar kwano da ƙusa da bulo, nakan saye shi da kuɗin wake ko ɗaukar adashi tun da wuri, domin kuɗi a aljihu narkewa suke yi. Siminti kuwa sai ranar da birkila ya sa, saboda idan ya yi watanni a ajiye yakan sha iska ya daskare. Kan kowane ƙiyasi nakan ƙara kashi ɗaya cikin biyar don tashin farashi, kuma a 'yan shekarun nan ma bai isa ba.

Bana abu uku ne a littafin: indararon zaure da ya tsage, falle shida na kwano a ɗakin uwargida, da yaɓen katangar yamma. Na kwano na riga na saya. Yaɓen kuwa na yi magana da magini ɗaya da ya rage a unguwarmu wanda ya iya haɗa makuba, ya ce in tara ɓawon ɗorawa, zai zo bayan ya kwashe albasarsa a Wasai.