Gwamnan Da Ya Yi Mulki Babu Kwamishina

Ina yaro a unguwar Banikanni ta garin Parakou, kowace magariba mahaifina yakan zauna a ƙofar gida da abokan fataucinsa na Djougou, su kama Rediyon Kaduna. A nan ƙasarmu ta Benin, tun 1974 Janar Mathieu Kérékou ya rungumi aƙidar gurguzu, jam'iyya ɗaya ce tal, wato PRPB. Shi ya sa dattawan suka yi ta mamaki da suka ji wata PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979 da ƙuri'ar talakawa, ba da bakin bindiga ba.

Ranar 1 ga Oktoban 1979 Alhaji Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan Kaduna, lokacin Katsina na cikinta. Shi da Abubakar Rimi na Kano suka soke haraji da jangali. Sai dai majalisar dokokin Kaduna a hannun NPN take, kuma tsarin mulki ya ce sai ta amince kafin a naɗa kwamishina. Balarabe ya ƙi ba 'yan NPN kujera, su kuma duk sunayen da ya aika sai su yi watsi da su. Haka ya tafiyar da jihar babu majalisar zartarwa, sai manyan sakatarori da sakataren gwamnati.

Ya nemi ƙarfi a waje, ya shiga taron gwamnoni tara masu ra'ayin sauyi, na UPN da GNPP da PRP. Ƙawancen nan ne ya tsaga jam'iyyarsa gida biyu, Santsi da Taɓo. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisa ta tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Daren nan gardama ta kaure a ƙofar gidanmu. Wani dattijo ya ce da ya ba su kujera biyu ko uku, da talaka ya more shi shekara huɗu. Mahaifina ya ce wanda ya saka kura a garke ba shi da bakin kuka.

Na girma ina auna maganganun nan biyu. Yau na fi karkata ga dattijon, domin gwamnonin taran nan babu mai ƙuri'a ko ɗaya a zauren majalisar Kaduna, kuma a can aka yanke hukunci. Amma da Balarabe ya rasu a 2020, da taurin kan nan nasa mutane suka fi tuna shi, har a Banikanni.