Motocin lantarki na Sin: gasar da ake yi a duniya da abin da ya shafe mu a Maraɗi

Ga bayani kan motocin da ba su shan esansi ko gazuwal. Manyan kamfanonin duniya suna rige-rigen ƙera su, farashinsu yana sauka, kuma kasuwannin Afirka na cikin inda ake son kai su. Kafin wani ya zuba gumin shekaru a ciki, gara mu san yadda abin yake.

Yaya motar take aiki?

Ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai. Babban batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, ana cika shi da wuta kamar yadda muke cajin salula, shi kuma ya juya injin. Kayan da ke motsi a cikinta kaɗan ne, don haka ba ta yawan zuwa gareji. Sai dai batirin nan shi ne mafi tsada a jikinta, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Akwai kuma mai haɗi, wadda ke da batir da injin mai duka biyu.

Su wa ke gasar?

Shekaru da dama kamfanin Tesla na Amurka, wanda Elon Musk ke jagoranta, shi ne a gaba. Sai ga BYD na ƙasar Sin. Wang Chuanfu ya kafa shi a 1995 a birnin Shenzhen yana ƙera batir, ya shiga harkar mota a 2003, kuma a 2022 ya daina ƙera motar da ke aiki da mai zalla. A 2024 Tesla ya sayar da kusan mota miliyan 1.79, BYD kuma miliyan 1.76 na masu batir zalla. A 2025 BYD ya wuce gaba. Bayansu akwai Geely da SAIC mai alamar MG daga Sin, da Volkswagen na Jamus, da Hyundai na Koriya ta Kudu.

A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da miliyan 11 daga ciki a Sin kaɗai. Sirrin Sinawa yana ga batir: kamfaninsu CATL ne ya fi kowa ƙera shi a duniya, BYD na biye. Shi ya sa ƙaramar motar BYD mai suna Seagull aka riƙa sayar da ita a can wajen yuwan 70,000 a 2024, wato kusan miliyan 6 na sefa, ban da kuɗin jirgi da na duwan.

Wannan araha ta tada hankalin ƙasashen Yamma. A 2024 Amurka ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 kan motocin lantarki na Sin, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata. Da aka matse su a can, sai kamfanonin Sin suka ƙara maida hankali ga Asiya, Kudancin Amurka da Afirka.

Abin ya iso kusa da mu

Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu shan mai a 2024. A Benin da Togo kamfanin Spiro yana da babura masu batir: in wuta ta ƙare, ɗan kabu-kabu ya je tasha ya ajiye batirin ya ɗauki cikakke, ba jira. A Najeriya, a 2021 aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ke shugabantar hukumar ƙere-ƙeren motoci ta ƙasar. A Maiduguri kuwa, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen maida ƙananan bas masu shan mai zuwa masu batir.

To, mu fa a Maraɗi?

Me zai ja mu? Tsadar mai da ƙarancinsa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya daina araha, kowa ya koma gidan mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011 tare da kamfanin CNPC na Sin, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kuma mun ga dogayen layukan da aka yi a watan Maris na 2025.

Me zai hana mu? Wuta. Wani kaso na wutar da NIGELEC ke ba mu daga Najeriya yake shigowa ta layin Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an katse ta wata da watanni, sai a 2024 ta dawo. Masu noman rani a fadamar Jiratawa, da famfunan lantarki ke ba su ruwa, sun san abin da ɗaukewar wuta ke jawowa. Motar da ba ta samu caji ba, ajiya ce kawai. Amma muna da rana wadatacce, kuma farantan hasken rana, waɗanda yawancinsu daga Sin suke, sun yi sauƙi sosai.

Sai batun nisa. Seagull tana yin kilomita 300 zuwa 400 a caji ɗaya bisa awon masu ita; da zafinmu da yashi da lodi, ba za ta kai haka ba. Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ke nan sai an tsaya caji a hanya. Amma Maraɗi zuwa Tibiri ko Jiratawa bai kai kilomita 20 ba. Don haka a ganinmu, babur da adaidaita masu batir ne za su fara amfanar talaka a nan, kafin babbar mota. Wanda ke jigilar fasinja ko kayan lambu tsakanin garuruwan nan zai iya wuni yana aiki, ya yi caji da dare.

Kafin a saya ko a aiko

Ƴan uwa na waje da ke son aiko wa gida abin sana'a, a yi waɗannan tambayoyi:

1. Shekarun batirin nawa, kuma akwai garanti a rubuce? Tsohon batir ba ya riƙe wuta, zafi kuma yana saurin gajiyar da shi.
2. Wane irin bakin caji gare ta? Na Sin daban, na Turai daban, na Amurka daban.
3. Wayoyin wutar gidan za su iya ɗaukar nauyin cajin, ko sai an sa farantan rana?
4. Ina za a samu kayan gyara, kuma wane makanike ya koyi aikin? Wutar batirin mota tana iya kisa, ba a taɓa ta da ka.
5. Nawa duwan za su karɓa?

Ga makanikanmu da matasa masu koyon aikin lantarki, wannan sana'a ce mai zuwa, wanda ya fara koyo shi zai fara ci. Ga hukumomi kuma, tsayayyar wuta ita ce tushe. Wanda ya riga ya gwada babur ko adaidaita mai batir, muna jiran ya zo gidan rediyo ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. Allah ya sa mu dace.