Yadda Jiki Ke Gane Baƙon Cuta: Tarihin Bincike Na Shekara Ɗari



Tambayar da zan bi tarihinta a yau ita ce: ta yaya jikin ɗan Adam ke gane ƙwayar cutar da bai taɓa haɗuwa da ita ba, har ya far mata cikin 'yan sa'o'i?

Labarin ya faro a 1882 a garin Messina na ƙasar Italiya. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar ruwa da ake kira tauraron teku. Da gari ya waye ya duba da madubin likita, sai ya tarar waɗansu ƙwayoyin halitta sun yi wa ƙayar dafifi. Daga nan ya yi hasashen cewa fararen ƙwayoyin jininmu ma haka suke yi, wato su kewaye bakteriya su haɗiye ta. A 1897 kuma Paul Ehrlich na Jamus ya kawo ra'ayin cewa a bayan kowace ƙwayar halitta akwai waɗansu madamƙai da ke kama dafi, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗonsa. An haɗa su biyu an ba su kyautar Nobel a 1908, amma ba wanda ya ga madamƙan da idonsa.

Kafin haka, a 1892, Richard Pfeiffer ya gano wani dafi a jikin bakteriyar kwalara wanda zafin wuta ba ya lalata shi. Daga baya aka gane cewa sinadari ne na kitse da sukari da ke bangon waɗansu ire-iren bakteriya, ana ce masa LPS. Kaɗan daga cikinsa kan sa zazzaɓi, mai yawa kuwa kan kashe. To, amma abin da ke jin zuwansa a jiki ya ɓuya wa masana har fiye da shekara ɗari.

A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ya ce lalle an haife mu da madamƙan da ke gane alamun da bakteriya ba ta iya rabuwa da su. Hujja ta zo daga inda ba a zata ba. A 1996, a Strasbourg ta Faransa, Jules Hoffmann da Bruno Lemaitre suka nuna cewa ƙudan da aka lalata masa ƙwayar gado mai suna Toll ba ya iya kare kansa, fumfuna ke lulluɓe shi ya mutu. A 1998 Bruce Beutler, a Amurka, ya gano cewa ɓerayen da LPS ba ya yi wa kome suna da naƙasa a wani madamƙi ɗan'uwan Toll, wato TLR4. Yau an san ire-irensa 10 a jikin mutum. TLR5, alal misali, wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita yake kamawa. Hoffmann da Beutler sun sami rabonsu na Nobel a 2011.

Jama'a, wannan ilmi bai yi nisa da mu ba. Da yawanmu na tune da annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta ci dubban rayuka a arewacin Nijeriya. Bakteriyar sanƙarau na maƙalewa a maƙogwaro ne ta hanyar kama waɗansu madamƙai na jikinmu, ta mai da su igiyar hawanta. In kuwa ta malala cikin jini, LPS ɗinta kan ta da TLR4 a ko'ina lokaci guda, jijiyoyin jini su saki, majiyyaci ya galabaita cikin yini ɗaya. Wato a nan ƙarfin martanin jiki shi kansa yana cikin abin da ke halaka mutum.

Don haka aikin da ke gaban masu bincike, har da ku ɗalibai, shi ne gano yadda za a sassauta wannan martani ba tare da an bar jiki ba tsaro ba.