Yadda Rediyo Ta Ƙwaci Rumfarta a Ingila

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa kafa sabuwar rumfa a tsohuwar kasuwa ya san irin kallon da ake yi masa. Haka aka yi wa rediyo a Ingila.

Ranar 14 ga Nuwamba 1922 BBC ta fara watsa shiri daga Landan. A lokacin kamfani ne na masu ƙera akwatunan rediyo, kuma bukatarsu a fili take: in babu abin saurare, wa zai sayi akwati? Mai akwati kuwa sai ya yanki lasisi na sule goma a shekara. Dattawanmu da suka yi ciniki da sule sun san ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Masu jarida ne suka fara tsayawa a hanya. Tsoronsu kada mutum ya ji labari a gida ya fasa sayen jaridar yamma. Saboda haka aka hana rediyo karanta labarai kafin ƙarfe bakwai na dare, aka kuma hana ta bayyana wasa yana cikin gudana. A 1926 an kai na'ura filin sukuwar Derby, amma ba a yarda kowa ya faɗi dokin da ke gaba ba, sai dai mai sauraro ya ji hayaniyar fili. A ganina wannan ya fi rashin watsawar cin rai.

Takunkumin bayyana wasa ya faɗi a farkon 1927, da BBC ta zama hukuma. Ranar 22 ga Janairu aka kawo wasan Arsenal da Sheffield United kai tsaye, da muryar Teddy Wakelam. Dabarar da suka yi abin sha'awa ce. Mujallar Radio Times ta buga zanen filin an raba shi gida takwas, kowane da lambarsa. Wakelam yana bayani, wani a gefensa yana kiran lambar gidan da ƙwallo take, mai sauraro yana bin ta da yatsa a takarda.

Masu gidajen kiɗa ma sun ƙi da farko, don gudun kada kujerunsu su zauna babu kowa. Amma a 1927 ɗin, da kamfanin Chappell ya janye daga ɗaukar nauyin kaɗe-kaɗen Proms na Henry Wood, BBC ce ta karɓa. A 1930 ta kafa babbar ƙungiyar makaɗanta, Adrian Boult yana jagora.

Abin da ya fi kusa da sana'armu shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba: hasashen yanayi, jawaban noma da lambu, da farashin dabbobi a kasuwanni. Makiyayi yana gida ya san yadda aka sayar da sa a wani gari kafin dillali ya iso ƙofarsa.

Sashen Hausa na wannan gidan bai buɗe ba sai 13 ga Maris 1957, kuma da shirin minti goma sha biyar ya fara.