Dangantakar Microsoft da masu manhajoji masu 'yanci

Dangantakar Microsoft da masu manhajoji masu 'yanci ita ce misalin da aka fi kawowa a muhawarar ko ya dace masu rubuta manhajar da kowa ke da damar dubawa, gyarawa da rabawa su yi hulɗa da kamfanin da ya nuna musu adawa. Richard Stallman ne ya fara wannan tafiya da shirin GNU a shekarar 1983 a Amurka.

Zamanin adawa

A 1998 Eric Raymond ya fitar da wasu takardun cikin gida na Microsoft da suka bayyana Linux a matsayin barazana ga kasuwar kamfanin. A 2001 shugaban kamfanin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji.

Yarjejeniyoyi biyu

A Nuwamba 2006 kamfanin Novell, mai sayar da SUSE Linux, ya ƙulla yarjejeniya da Microsoft cewa ba za a kai abokan cinikinsa kotu kan haƙƙin ƙirƙira ba. Kariyar ta tsaya kan masu sayen kayan Novell, sauran masu amfani da Linux aka bar su a rana. Jeremy Allison, ɗaya daga cikin jagororin manhajar Samba, ya ajiye aikinsa a Novell saboda haka. Lasisin GPL na uku, wanda ya fito a Yuni 2007, ya zo da sharuɗɗan toshe irin wannan ƙofa.

Su ma masu Samba sun zauna da Microsoft, amma ta wata hanya dabam. Bayan wata kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da hukunci kan kamfanin a Satumba 2007, an biya Yuro 10,000 a Disamba ta hannun wata gidauniya, aka karɓi bayanan yadda kwamfutocin Windows ke magana da juna. Manhajar da aka rubuta da bayanan ta ci gaba da zama ta kowa. Masu goyon bayan hulɗa kan kafa hujja da wannan, ko da yake sai da kotu ta tilasta kafin kamfanin ya buɗe ƙofa.

A Najeriya

A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sami cinikin ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 domin makarantun Najeriya. A ƙarshen Oktoba shugabansa, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana kukan cewa an sanar da su za a goge manhajarsu a sa Windows bayan an karɓi kayan.

Bayan sauyin shugabanci

A ƙarƙashin Satya Nadella, wanda ya karɓi ragama a 2014, Microsoft ya shiga Linux Foundation a 2016. A 2018 ya sayi GitHub kan dala biliyan 7.5, ya kuma sa haƙƙoƙin ƙirƙira kusan 60,000 cikin wata ƙungiyar da mambobinta ba sa ƙarar juna kan Linux. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin amfanin zama da abokin gaba. Wasu kuwa ba su saki jiki ba: a 2022 ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta yi kira da a fice daga GitHub, saboda an horar da manhajar Copilot da rubutun jama'a, kuma a cewarta ba a mutunta sharuɗɗan lasisinsu ba.