Digiri na biyu a kimiyyar kamun kifi ga ma'aikatan kare muhalli a Gabon

A watan Yunin 2017, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan tekuna da aka yi a New York, Gabon ta sanar da keɓe wurare 20 a cikin ruwanta: gandun teku 9 da wuraren ajiyar halittun ruwa 11, waɗanda suka kai kashi 26 cikin ɗari na yankin tekun ƙasar. Shata iyaka a taswira abu ne mai sauƙi. Sanin yawan kifin da ke ciki, da yawan wanda za a kama ba tare da an ƙarar da shi ba, sai masu ilimin fannin. Wannan ne ya sa digiri na biyu, wato Master, a kimiyyar kamun kifi yake da daraja a Libreville, musamman ga wanda tuni yake aikin kare muhalli.

Abin da fannin ya ƙunsa

Da Faransanci ana kiransa sciences halieutiques. Ya haɗa nazarin rayuwar kifi da ƙididdiga da tattalin arzikin masunta da dokokin ruwa. Ɗalibi yana koyon auna tsawon kifi da nauyinsa a wurin da kwalekwale ke sauke kaya, da gano shekarunsa ta hanyar zoben da ke jikin ƙashin kunnensa, da sanin girman da yake kaiwa kafin ya fara ƙwai. Da waɗannan alƙaluma ake yanke faɗin idon raga da watannin da za a hana su. Akwai kuma ma'aunin yawan kamu a kowace fita: idan masunta suna ƙara kwanaki a ruwa da kuɗin fetur amma abin da suke dawowa da shi yana raguwa, alama ce kifin ya fara ƙaranci.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tunani. A Argungu ana hana su a Matan Fada har zuwa lokacin biki, sarakunan ruwa kuma sun daɗe suna rufe tafki su buɗe. Bambancin kawai shi ne kimiyya tana neman hujja a rubuce, da lissafin da wani zai iya sake bi.

Inda ake aikin

Hukumar gandun daji ta ƙasa, ANPN, da aka kafa a 2007, ita ke kula da gandun daji 13 da aka ƙirƙira a 2002. Biyu daga ciki, Akanda da Pongara, suna dab da Libreville, kuma dazukansu na bakin ruwa nan ne ƙananan kifaye da jatan lande suke girma. Gaɓar Pongara da ta Mayumba a kudu suna cikin manyan wuraren da kunkurun teku mai bayan fata yake ƙwai a duniya. Lasisin su da kula da jiragen kamun kifi suna hannun hukumar DGPA, bisa dokar kamun kifi ta 2005. Hedkwatar COREP, kwamitin kamun kifi na yankin Tekun Gini, ita ma tana Libreville. Ƙungiyoyin waje irin su WCS da The Nature Conservancy suna aiki da waɗannan hukumomi, Sea Shepherd kuma tana sintiri tare da jami'an Gabon tun 2016.

A watan Agustan 2023 Gabon ta sake fasalin bashinta na dala miliyan 500, bisa sharaɗin zuba kuɗi a kare teku na tsawon shekaru 15 da kai yankin da aka keɓe zuwa kashi 30 cikin ɗari. Irin wannan alkawari yana buƙatar masu bibiya da rahoto shekara bayan shekara.

Inda ake karatun

Gabon tana bin tsarin LMD: shekaru 3 na Licence, 2 na Master, sannan digirin digirgir. Master zango huɗu ne, na ƙarshe na bincike da rubuta kundin da ake karewa a gaban malamai. Makarantar ENEF da ke Cap Estérias, arewa da Libreville, tana horar da jami'an ruwa da gandun daji, har da ɓangaren su da kiwon kifi. Jami'ar Omar Bongo tana cikin shirin Master na yanki kan kula da gaɓar teku, GIELM, wanda ya haɗa ta da jami'o'in Kamaru. Jami'ar kimiyya ta Masuku tana Franceville, can nesa da teku.

Mai son zurfafawa a lissafin yawan kifi yakan duba waje: cibiyar ISH ta Jami'ar Douala da ke Yabassi, ko IUPA ta Jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, ko makarantar aikin gona ta Rennes a Faransa. Ga masu Turanci akwai Jami'ar Cape Coast a Ghana, da cibiyoyin bincike na Najeriya, NIOMR a Legas da NIFFR a New Bussa.

Haɗa aiki da karatu

Ribar ma'aikaci a bayyane take. Wanda ya yi shekaru yana ƙidayar gurbin ƙwan kunkuru, ko yana hawa jiragen tuna a matsayin mai sa ido, ko yana rubuta kamun masunta a cibiyar CAPAL ta Libreville, ya riga ya mallaki rabin kundinsa. Amma abubuwa huɗu sukan kawo cikas.

Na farko lokaci. Kunkuru yana ƙwai ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu galibi, daidai lokacin zangon farko na jami'a, don haka sai an tsara da shugaban aiki tun kafin rajista. Ma'aikacin gwamnati yana buƙatar takardar izinin tafiya karatu, mise en stage, domin matsayinsa da ƙarin girmansa su tabbata.

Na biyu mallakar bayanai. Alƙaluman da aka tara a bakin aiki na hukuma ne, ba na wanda ya tara su ba. Izini a rubuce kafin fara bincike ya fi roƙo bayan an gama rubutu.

Na uku lissafi. Yawancin waɗanda suka fito daga aikin daji sun san kifi da ido, amma ƙididdiga da manhajar R da zanen taswira a kwamfuta su ne ke tsayar da su.

Na huɗu amincewa da takarda. Hukumar CAMES mai hedkwata a Wagadugu ita ke tantance takardun digiri tsakanin ƙasashe irin su Gabon da Nijar da Kamaru da Chadi. Wanda zai yi aiki a Najeriya ko Ghana sai ya nemi tantancewar can daban.

Abin da ya rataya a kan binciken

Mafi yawan masuntan kwalekwale a gaɓar Gabon 'yan asalin Najeriya ne da Benin da Ghana da Togo, kuma mata da yawa suna cin abinci da bandar kifin ethmalose da ake kira sardine a kasuwannin Libreville. Duk dokar hana su a wani bakin kogi, tukunyarsu take taɓawa. Ma'aikacin da jiya ya ƙwace raga a sintiri, gobe ya dawo da takardar tambayoyi, ba lalle a faɗa masa gaskiyar kamu ba. Shi ya sa masu binciken kirki suke raba rigar tsaro da ta ɗalibi, su bi ta hannun shugabannin masunta, su kuma koma su bayyana musu sakamakon.

Ga matasan Hausawan Bitam da Oyem da Libreville, da na Garoua ko Diffa, wannan ilimi bai tsaya a teku ba. Lissafin da ake yi wa kifin Akanda shi ake yi wa tarwaɗa da karfasa a Tafkin Chadi, da Lagdo, da Madarumfa.