Maƙeri a Aljihun Mutanen Italiya

A watan Yunin 1946 mutanen Italiya suka kaɗa ƙuri'a suka kawar da sarauta. Daga nan sai tambaya ta taso a gidan buga kuɗi na birnin Rum: fuskar wa za a ɗora a kan tsabar lira? Sarki ya tafi, tambarin gwamnatin Musolini kuwa ba mai son ya sake ganinsa. Sai aka koma ga gumakan da Rumawan dā suke bauta wa, kuma zaɓin da aka yi a cikinsu ya nuna inda ƙasar ta dosa.

A ɗauki lira 50 da aka fara bugawa a 1954, zanen Giuseppe Romagnoli. Bulkan ne a kanta, gunkin wuta da ƙira, wanda almara ta ce maƙerarsa tana ƙarƙashin dutsen Etna mai aman wuta. Ga shi tsirara, ya juya baya, ya ɗaga masaba zai sauke a kan uwar maƙera, jijiyoyin kafaɗarsa duk sun miƙe. Ƙasar da yaƙi ya ragargaza ta sa ma'aikaci a aljihun kowa, a daidai shekarun da masana'antun Milan da Turin ke farfaɗowa. Ita kanta tsabar da baƙin ƙarfe marar tsatsa aka yi ta, shi ya sa har yau ake samunta fes a tsofaffin akwatuna.

A 1955 lira 100 ta biyo baya da Minaba, gunkiyar hikima da sana'a. Tana riƙe da mashi, amma ɗaya hannun yana kan itacen zaitun. Mas, gunkin yaƙin da Rumawa ke cewa shi ya haifi Romulus wanda ya kafa birninsu, bai samu gurbi ba, kuma a ganina an kyauta.

An ci gaba da buga waɗannan biyu a girmansu na asali har 1989, don haka yawancinsu ba su da wata daraja a kasuwa. Masu tara tsofaffin kuɗi shekara suke dubawa. Bulkan na 1958 ba a buga shi da yawa ba, kuma wanda bai goge ba yana tsada ƙwarai, har ma ana yin jabunsa. Haka lira 10 ta 1947 mai hoton Fegasus, doki mai fukafukai.

Da yuro ya maye gurbin lira a 2002, Italiya ta sa fuskar wata gunkiyar Rumawa, Binus, daga zanen Botticelli, a kan santi 10.